Garin da Ba a Yin Gobara

Shekara ashirin da biyu ƙanena Rasim yana shugabancin 'yan kwana-kwanan Narliyaka, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa yin gobara a garinmu ba. Haka littafinsa ya ce. Ni kuwa Remziye, da nake yayarsa kuma nake girkin kowane biki a garin, na san gidajen da tiyon Rasim bai taɓa shiga ba ba su cika yatsun hannu biyu ba.

Abin da ya jawo haka shi ne mutanenmu sun fi tsoron bakin jama'a a kan wuta. In gidanka ya kama, wutar za ta mutu kafin la'asar, amma sunan da za a liƙa maka sai jikokinka sun gaje shi. Akwai wasu mutane a bayan masallaci da har gobe Gidan Toka ake ce musu, don kawai rumbun kakansu ya ƙone tun kafin a kawo lantarki. Ɗansu ya yi karatu ya zama likita a Izmir, amma in ya zo hutu Likitan Toka ne, kuma dole ya amsa. Mata su suka fi shan wahalar abin. Ko mijinki ne ya yi barci da taba a hannu, ke za a ce ba ki iya riƙon murhu ba.

Saboda haka a garinmu ba a ihun gobara. Maigida zai zaga ta ƙofar bayan ofishin su Rasim ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Rasim zai ajiye kofin shayinsa, ya ɗaga wa Muzaffer direba gira, su fito da jar motar ba jiniya, kamar masu zuwa ban ruwan itatuwan da hukuma ta dasa a bakin titi. Maƙwabta kuma kowa ya ja labulensa. Ba wai ba a sani ba, kowa ya sani, har yawan tabarmin da suka ƙone. Amma abin da aka sani daban, abin da aka rubuta daban. In an gama, Rasim ya dawo ya buɗe littafi ya rubuta: ban ruwan itatuwa, unguwa kaza. Da kaka, lokacin da mata ke dafa ruwan inabi da na tumatir a manyan tukwane a tsakar gida, itatuwan nan kan sha ruwa sau uku a mako. Da hunturu ma, ana tsakiyar ƙanƙara, in bututun hayaƙin wani ya kama, ba a fasa shayar da su ba. Itatuwan guda goma sha ɗaya ne.

Ana nan sai doka ta zo daga Ankara, cewa 'yan kwana-kwanan ƙananan garuruwa duk za su koma ƙarƙashin babban birnin lardi. Wai haɗewa za a yi. Ni mai girki ce, na san irin haɗewar da gishiri kan yi da miya.

Wadda suka turo sunanta Nezahat, mace mai kamar shekara hamsin, da tabarau rataye a wuya da takalmi marar tsini. Ba ta sa sukari a shayi, kuma tun daga nan muka sha jinin jikinmu. Kwana biyu ta yi tana karanta littafin Rasim shafi-shafi. A rana ta uku ta faɗi abin da ta zo da shi. Mota ɗaya za a bari a kwarinmu, ko a Narliyaka ko a Akyokush da ke hayin kogi, tafiyar minti arba'in ta hanyar dutse. Mutanen Akyokush kuwa ba su san kunya ba, ko burodi ne ya ƙone musu sai sun kira mota da jiniya sun sa an rubuta. Littafinsu na da gobara ɗari biyu da wani abu, namu babu ko ɗaya. Don haka motarmu za ta koma can, Rasim kuma a kai shi birni gadin siton da ake ajiye tsofaffin tiyo, saura shekara uku ya yi ritaya. Sai fa in kafin ranar Alhamis ta ƙare an kawo mata shaida: sunan maigida, da ranar da abin ya faru, da sa hannunsa.

Ranar Talata na kai masa abincin rana na same shi yana goge motar, wadda ba ta da ko ɗigon datti.

Na ce, "Ajiye tsumman nan ka saurare ni. Kai fa ka san su duka. Ka zauna ka jero mata, in ta je ƙofar mutum da takarda ai ba zai iya musu ba."

Ya ce, "Yaya, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"To naka sai ka kai shi birni ka cika shi da ƙurar sito. In bututun gidan tsohuwa Zekiye ya sake kamawa fa? Kafin 'yan Akyokush su gangaro, sai dai su taya mu share toka."

"Mutane sun zo mini ta ƙofar baya. Ba zan fitar da su ta ƙofar gaba ba."

"Kai tun kana yaro haka kake. Inna ta doke ka a kan tulun da ni na fasa, ka tsaya kana kallonta kamar rago."

Ya buɗe kwanon ya leƙa. "Waken nan gishiri ya yi masa kaɗan."

Na ƙwace marfin na rufe. Haushinsa ya kama ni sosai, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa, shi ya sa na juya na tafi.

Ranar Alhamis bayan la'asar magajin gari Nurettin ya tara jama'a a zauren biki. An cika maƙil, har da waɗanda ko jana'iza sai an roƙe su. Nezahat ta zauna a teburin da amarya da ango kan zauna, da tarin takardu a gabanta. Rasim yana can baya kusa da ƙofa, cikin kakinsa, hularsa a kan gwiwa.

Nurettin ya fara jawabi. Mutum ne da in ya riƙe makirufo sai an yi masa addu'a yake saki. Ya ce Narliyaka gari ne na masu hankali da tsafta, garin da matansa suka iya riƙon wuta tun kaka da kakanni, garin da ya kamata duk ƙasa ta yi koyi da shi. Aka yi ta tafi. Nezahat ta gyaɗa kai ta rubuta wani abu. Sai da matarsa ta jefe shi da harara daga layin gaba sannan ya gane ramin da yake haƙa mana, ya ce a taƙaice dai muna son motarmu, ya zauna.

Nezahat ta ce, "Na gode. Yanzu duk wanda aka taɓa yin gobara a gidansa cikin shekara ashirin da biyun nan, ya taso."

Maza suka shiga jan carbi, mata suka shiga gyaran ɗankwali. Na ga mutum bakwai a layi ɗaya waɗanda da idona na ga hayaƙin gidajensu, kowannensu yana duban silin kamar yau ya fara ganinsa.

Can sai Bedriye mai shagon zare ta ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, ni dai Allah ya tsare ni. Amma na tuna an yi wata a gidan marigayi Hikmet. Da kaka ne, tukunyar inabi ta kife."

Hikmet wani tsoho ne da ya rayu shi kaɗai, bai bar ɗa ba bai bar jika ba. Babu wanda za a liƙa wa suna. Wallahi sai na ji zauren ya yi ajiyar zuciya gaba ɗaya.

"Ƙwarai kuwa," in ji Sabri mai aski. "Ni ma na tuna wata a gidan nasa. Na'urar busar da gashi ce ta kama labule."

Hikmet da ko gashi ɗaya babu a kansa.

Daga nan hanya ta buɗe. Kowa ya ɗauko gobarar gidansa, da ranarta da watanta, ya kai gidan Hikmet ya sauke. Wai Hikmet ya bar dutsen guga a kan rigar amarya. Ya manta madarar jariri a kan wuta. Ya ƙone ɗakin kaji yana neman ƙwai da kyandir. Ya soya kifi ya tafi kallon wasan kwaikwayo a gidan maƙwabciya. Wata ma ta rantse cewa surukarsa ce ta jawo, mutumin da bai taɓa aure ba. Nezahat tana ta rubutu ba ta ɗago ba, har muka fara murmushi muna taɓa juna da gwiwar hannu.

Da aka kai ta ashirin da shida ta ajiye biro. "Malam Liman, wannan bawan Allah yaushe ya rasu?"

Limaminmu Malam Nazif ba ya ƙarya, shi ya sa tun farkon taron ya zauna a lungu yana fatan a manta da shi. Ya yi gyaran murya. "Bana shekara goma sha ɗaya."

"Gidan fa?"

"An rushe shi. Nan ne ƙananan motocin haya ke tsayawa yanzu."

Ta cire tabaraunta ta murza ido. "Wato bayan rasuwarsa gidan ya yi gobara sau goma sha huɗu. Tara daga ciki bayan an rushe shi." Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta haɗa takardun ta kife su. "Jama'a, ni ba maƙiyiyarku ba ce. Ina da uwa a ƙauye, na san abin da minti arba'in ke nufi. Amma matacce ba ya sa hannu. In babu mai rai ko ɗaya, zan rufe in kama hanya."

Na waiwaya na dubi Rasim. Yana ta juya hularsa a kan gwiwa. Shekara ashirin da biyu yana shiga hayaƙin mutanen nan, girarsa ta hagu ma ba ta sake fitowa ba tun gobarar gidan Sabri, ga su nan reras sun gwammace a kai shi gadin sito da a ce musu wani abu na toka. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Rubuta, ranki ya daɗe. Remziye, mai girkin biki, gida na uku bayan gidan burodi. Sau huɗu."

Na ji an ja numfashi. Ku sani, sunana shi ne jarina. Babu uwar da za ta damƙa tukwanen bikin ɗanta ga matar da ta ƙone kicin sau huɗu.

Na jero su da ranakunsu. Da na zo ta uku na juya wajen Nurettin. "Ranka ya daɗe, ka tuna faten alkama da naman bikin ɗanka? Wanda kuka ce yana da wani ƙamshin hayaƙi da ba a taɓa ji ba, har baƙi daga birni suka nemi sirrin? To sirrin shi ne rufin rumfata ya kama ya rufto a gefen tukunya. Rasim ya kashe, na kwashe na sama na zubar, na kawo muku na ƙasa. Kai kwano uku ka ci."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, ya mayar da ita tari. Bedriye ta sunkuya ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu, na kuma san sunana ne ake yanka mini. Na tsaya ina jiran wani ya biyo ni. Babu wanda ya motsa. Zan faɗi gaskiya, na yi da-na-sani a lokacin.

Sai ga muryar Rasim daga baya. "Ranki ya daɗe, kada ki rubuta. Yayata ce, tausayina take ji. Ba a taɓa gobara a gidanta ba."

Na ce, "Kai, ni za ka ƙaryata a gaban jama'a?"

"Itatuwa na shayar a ranakun nan. Yana cikin littafi."

"Wace itaciya ce a kicin ɗina?"

"Yaya, zauna."

"Ba zan zauna ba. Gobarata ce, ni na yi abata, ba kuma wanda ya isa ya ƙwace mini ita."

Muna cikin haka Malam Nazif ya dafa sandarsa ya miƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara da shekaru yana wa'azi a kan ƙarya, ga shi yau an bar mutum ɗaya yana yin ta a madadin gari guda, shi kuma yana zaune yana saurara. Ya ce a rubuta: Nazif, limami, hunturun shekara shida da suka wuce. Ya kunna hita a ɗakin ajiyar masallaci don ya ɗumama ƙafarsa, barci ya ɗauke shi, darduma tara suka tafi. Ya ƙara da cewa sababbin dardumar da ya ce wani mai alheri ne ya bayar, mai alherin shi ne, kuma ba alheri ba ne.

To in liman ya ci wuta, wa ya rage? Sabri ya taso ya karɓi na'urar busar da gashinsa daga hannun marigayi. Mai madarar jariri ta taso. Matar Nurettin ta taso da nata guda biyu, mijin yana kallonta baki buɗe don ɗaya bai ma san da ita ba. Kafin ka ce kwabo an yi layi har ƙofa, ana gardama a kan wanda wutarsa ta fi girma. Wata tsohuwa daga Gidan Toka ta zauna tana kallon layin tana dariya har da hawaye, ta ce ashe duk dangi ne. Bedriye ce ta ƙarshe, ta sa hannu tana ɓoye takardar da gyalenta, amma na ga lambar. Biyar. Ta fi ni da ɗaya, kuma har in mutu ba zan bari ta manta ba.

Da aka kira magariba takarda tamanin da bakwai ne a gaban Nezahat. Jama'a suka watse ana raha kamar an tashi daga biki. Muka rage mu uku. Ni zuciyata fari ƙal, har ina shirin ce wa Rasim ya gode wa Allah da ya ba shi yaya mai baki.

Nezahat ta daidaita takardun ta ce, "Wannan ya isa a bar motar a nan, in shugaban ofis ya sa hannu a ƙasan kowace takarda cewa gaskiya ce. Amma Malam Rasim, sai na faɗa maka kafin ka taɓa biro. In waɗannan gaskiya ne, littafinka ƙarya ne. Wanda ya yi shekara ashirin da biyu yana rubuta abin da ba shi ba a littafin hukuma, ba za su bar shi da kaki ba. Ko gadin siton ma ba za su ba ka ba. Abin da zan iya roƙa maka shi ne su bar ka ka ajiye aiki da kanka."

Garin neman gira na rasa ido.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba ni tawa. Ƙarya na yi. Ni ban taɓa gobara ba, ko ashana ban iya ƙyastawa ba. Sauran ma duk haukan taro ne, gobe za su janye."

Rasim ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun muna yara. "Yaya, ɗazu kin ce ba wanda ya isa ya ƙwace miki ita."

Ya jawo kujera ya zauna a gaban teburin. "In na sa hannu, motar a nan za ta riƙa kwana?"

"A nan."

"Muzaffer fa? Shi tuƙi kawai yake yi, bai taɓa riƙe littafin ba."

"Babu abin da zai same shi."

Ya ɗauki biron. Na kama hannun rigarsa. "Ka san haka abin zai ƙare?"

"Tun ranar da ta buɗe littafin."

"Shi ya sa ka yi shiru?"

Ya ɗan jima yana duban takarda ta farko, wadda tawa ce. "Ina ta gaya wa kaina amanar mutane nake riƙewa. Rabi amana ce, Yaya. Rabin kuma tsoro ne. Da ba ki miƙe ba, da na bar motar ta tafi hayin kogi, ina gadin tiyo a birni ana ce mini mutumin kirki."

Ya miƙo mini hularsa ya ce in riƙe masa. Ya fara sa hannu, a hankali, yana karanta kowane suna, wani wurin ya gyara kwanan wata don maigidan ya yi kuskure shi bai manta ba. Takarda tamanin da bakwai ba nan kusa ba ce. Na tsaya a bayansa da hular a ƙirjina ina kuka ba sauti, ban zauna ba sai da ya kai ta ƙarshe.